Man Gyada a Gwangwanin Kek

Tun da sassafe Kawu ya iso gidan da bokiti da garin sabulu, shi da bai taɓa wanke ko cokalin da ya ci abinci da shi ba. Ya tsaya a ƙofar kicin, hannu a ƙugu, yana ba da umarni: a goge nan, a kankare can, a fitar da wancan buhun. Yau ma'aikacin tsaftar abinci zai zo duba inda Auta take gasa kek ɗin sayarwa, kuma kowa a gidan ya san dalili.

Jiya da yamma aka kwashi wata yarinya ranga-ranga zuwa asibiti daga wurin bikin cikarta shekara shida, leɓɓanta sun kumbura, numfashinta yana sarƙewa. Kyauta ake ce mata, don sai da uwarta ta fid da rai da haihuwa sannan Allah ya kawo ta. Jikin yarinyar ba ya shiri da gyada ko kaɗan. Kek ɗin bikin kuwa daga wannan kicin ya fita.

Ko da 'yar wasu ce can nesa, tashin hankalin ya isa. To, uwar Kyauta ita ce yayar mutumin da Auta take so, wanda unguwa ke kira Duba-gari saboda aikinsa. Unguwar a hannunsa take, don haka shi ne zai zo.

Yaya dama ba ta taɓa son haɗin ba. Ita ta riƙe ƙanin nata tun rasuwar iyayensu, ita ta ɗora shi a makaranta har ya zama abin da ya zama, kuma ta sha faɗa masa cewa ma'aikacin doka ba ya auren mai sayar da abinci ba lasisi, sai in ya gaji da aikinsa. Da ƙyar da roƙo ya shawo kanta ta ba Auta odar kek ɗin nan, don ta ga hannunta, ta ga tsaftarta. Ranar da ta kira, magana ɗaya ta yi ta nanatawa: ban da gyada, ko ƙamshinta. Auta ta yi alkawari.

Yanzu ga ta durƙushe gaban baho tana wanke gwangwanayen gashi, idanu sun yi luhu-luhu. Abu ɗaya ke riƙe da ita: ta san abin da ta zuba a kwaɓin nan. Sabon buhun fulawa ta fasa, sabuwar rariya ta saya, injin kwaɓin ma sai da ta ƙona shi da tafasasshen ruwa. A wurin bikin kuma baƙi sun kawo alawa da biskit iri-iri, wa ya san abin da yarinya ta tsinta ta sa a baki.

Ta jawo babban gwangwanin da ta yi kek ɗin Kyauta a ciki. Kafin ta tsoma shi a ruwa ta kai shi hanci, yadda ta saba yi wa kowane gwangwani don ta ji ko ya fara tsami.

Ta sake shinshinawa. Ƙamshin da ke lungun gwangwanin ba na bota ba ne.

Ta iske Inna a ɗaki tana ninke kayan da tuni an ninke su. Ta tura ƙofa, ta jingina da ita, gwangwanin yana hannunta.

"Inna, jiya da na fita sayo kyandir, na dawo na tarar kin juye kwaɓin kin sa a obin. Me kika shafa wa gwangwanin?"

Inna ba ta ɗago ba.

"Botar taki ta daskare a firji, ta ƙi shafuwa, kwaɓi kuma yana zaune yana kwantawa. Sai na ɗan lakato mai a yatsa. Ɗan kaɗan ne, Auta, ko cokali bai kai ba."

Mai ɗaya ne a gidan nan, man gyada na matsa mai ƙamshi, wanda Inna take girki da shi tun kafin a haifi Auta.

"Na gaya miki, Inna. A gabanki matar ta kira, na maimaita miki."

"Kin gaya mini." Sai a nan muryar Inna ta karye. "Na ɗauka iyayi ne irin na masu 'ya ɗaya. Na ce abin da ya shiga wuta ya gasu, me zai rage a jikinsa? Ni na ciyar da ku da man nan, ba wanda ya taɓa ko ciwon kai. Taimakonki na yi, 'yar nan, na ga kin gaji."

Auta ta sulale ƙasa, ta kifa kai a gwiwar uwarta, suka yi ta kuka tare. Haushi take ji, amma ta rasa inda za ta sauke shi. Kicin ɗin Inna ne tun fil azal, ita ce ta shigo da sana'a cikinsa, ta ajiye fulawar mutane kusa da tukunyar miyar gida. Sau nawa Duba-gari ya ce ta yi rajista, ta ce masa dokarsu ɗaki daban take nema da wurin wanki daban, su kuma ɗaki biyu suke haya. Shi ma sai ya yi dariya, ya ce to bayan aure zai gina mata, ya miƙa hannu ya ƙara wani yankan kek. Haka aka yi ta tafiya, mai duba gari yana kau da kai, mai kek tana ganin tsaftarta ta ishe ta lasisi.

Ashe Kawu yana bayan ƙofa, kunnensa kuwa ba ya tsufa. Ya shigo ba sallama, ya karɓe gwangwanin daga hannun Auta, ya fita. Suna ji yana dirje shi da soson ƙarfe. Da ya dawo, kwalbar man tana cikin baƙar leda a hammatarsa.

Ya zauna a bakin gado ya yi magana ƙasa-ƙasa. Ya ce maganar nan a ɗakin nan aka haife ta, a nan za a binne ta. Ya ce ƙanwarsa Inna ba za ta tsufa tana zarya tsakanin ofishin 'yan sanda da kotu ba, a kan digon mai. Ya ce yarinya dai an ce ta farfaɗo, sai a gode wa Allah a ja bakin nan a yi shiru.

"Ke kuma," ya nuna Auta da leda, "in kika buɗe baki, kin san auren nan da kike ta kuka a kansa ya mutu. Yayarsa ba za ta kuma kallonki ba, ni ma ba zan ba da ke ga gidan da suka kai uwarki ƙara ba. Ki zaɓa."

Bai bari ta numfasa ba ya ƙara da cewa Mai Burodi yana waje, shi ya kira shi.

Mai Burodi ne ɗan takarar Kawu tun da daɗewa. Yana da gidan burodi a bakin babban titi, da lasisinsa a cikin gilashi rataye inda kowa zai gani, kuma ya yi ta sallama da Auta yana neman aurenta har ta gaji da ba shi haƙuri. Abin da ya fi ba ta haushi da shi shi ne ba mugu ba ne. Da mugu ne da ƙinsa ya yi sauƙi.

Ta same shi tsaye jikin motar rabon burodinsa, ya cire hula yana murza ta. Ya jajanta mata da gaske. Ya ce shi bai taɓa ganin laifin hannunta ba, hannunta ya fi na duk ma'aikatansa, amma kicin ɗin gida na mutanen gida ne, kowa yana shiga, kowa yana taɓawa. A wurinsa gwangwanin da gyada ta taɓa, launinsa ma daban ne. Dokar nan da take gani kamar ƙiyayya, in ji shi, don irin ranar jiya aka yi ta.

Auta ta sunkuyar da kai, don gaskiya ce, kuma ta yi mata zafi.

Sai ya rage murya. Ya ce in tana so, zai ce a wurinsa aka gasa kek ɗin, a ƙarƙashin lasisinsa. Za a zo a duba, ba za a ga komai ba, sunan Inna ba zai fito ba. Akwai wani ɗaki a bayan gidan burodin mai tayil da famfo, ya daɗe da gyara shi da ita a ransa.

"Ba yau nake neman amsa ba," ya ce. "Ki dai san ƙofata a buɗe take."

"Yanzu ka gama yabon doka," Auta ta ce a hankali, "ga shi kuma kana koya mini yadda ake zagaye ta."

Ya mai da hularsa. Ya ce don ita ce, ba don kowa ba, ya shiga mota.

Hantsi ya dubi ludayi lokacin da Duba-gari ya iso, cikin rigar aiki, shi kaɗai. Bai gaya wa shugabansa alaƙarsa da gidan ba, bai kuma gaya masa 'yar wa ke kwance ba. Idanunsa sun yi ja, da gani a kujerar asibiti ya wayi gari. Ya durƙusa ya gai da Inna, ya gai da Kawu, Kawu ya amsa masa da hanci.

Kicin yana ta ƙyalli, har warin sabulu yana hawa kai. Auta ta tsaya daga bakin ƙofa tana kallonsa. Ta san yadda yake aiki, ta sha ganinsa a shagunan unguwa: mutum ne mai ɗaga tukunya ya leƙa ƙasanta, mai shinshina tsumman goge-goge, mai tambaya har mai shago ya fara gumi. Yau kuwa ya buɗe firji ya rufe, ya leƙa obin, ya taɓa buhun fulawa. Gwangwanayen suna kife a kan tebur, bai ɗaga ko ɗaya ba.

Sai ya zo kan kantar da ke saman murhu. Katakon ya sha mai shekara da shekaru, duk dirzar Kawu ba ta fitar da zagayayyen tabon da gindin kwalba ya bari ba, kuma babu kwalbar. Auta ta ga idonsa ya sauka a kai. Ta ga ya daɗe. Sannan ya ɗauki gwangwanin gishiri ya ɗora a kan tabon, ya juya baya.

"Malam," ta ce, "akwai abin da…"

"Ban tambaye ki komai ba, Auta."

Ya fita tsakar gida ya shaida wa Kawu cewa bai ga abin da ya saɓa ba, sai dai rashin lasisi, don haka daga yau ba a ƙara gasa na sayarwa a nan har sai an yi rajista. Kawu, da ya shirya faɗa tun daga gida, ya rasa abin yi da shi, sai ya hau sa albarka.

Daga nan Duba-gari ya koma gefe ya kira Yaya a waya. Auta tana jin abin da yake faɗa: ya duba ko'ina, kicin ɗin tas yake, ba daga kek ba ne, wataƙila cikin alawar da baƙi suka kawo ne. Da ya gama ya ce Yaya tana son ganin Auta, yanzu.

Tare suka tafi, shi da Auta. Sai da suka hau matakalar asibiti, a wani lungu kusa da tagar da ke kallon wurin ajiye motoci, ta ja ta tsaya.

"Ka gani," ta ce. "Na ga ka gani."

Ya dafa bango, bai kalle ta ba.

"Inna ce ta shafa wa gwangwanin man gyada. Ban sani ba sai yau da safe, na rantse maka. Amma ni na karɓi odar, ni na yi wa Yaya alkawari, ni na fita na bar kwaɓi a kicin ɗin da ba nawa ni kaɗai ba."

"Ni kuma na san da kicin ɗin tun ranar da na san ki," ya ce. "Aikina ne in rufe shi, na zauna ina cin kek. In za a raba laifi, nawa ya fi naki girma. Jiya da na ga 'yar nan tana neman iska ba ta samu, na tsani kaina, Auta."

Hawaye ya zubo masa, shi da ba ta taɓa ganin kukansa ba. Nata ma ya ɓalle.

"To mu gaya mata," ta ce.

"Mu gaya mata me? Cewa 'yar da ta jira rabin rayuwarta ta kusa tafiya a kan abin da na sani na yi shiru? Kin san Yaya. Ba za ta yi ihu ba, za ta cire ki daga ranta ne kawai, ta ce in zaɓa tsakaninku. Ita ta raine ni. Ke kuma ba zan iya rayuwa ba ke ba. Kada ki kai ni wurin nan, don Allah."

"Ƙarya fa za mu ɗora aure a kai."

"Yarinya ta tashi. Kicin na rufe shi, ba wanda zai ƙara cutuwa. Wa gaskiyar nan za ta amfana yanzu? Inna za ta shiga hannun hukuma, ni aikina ya tafi, ke ki ƙare a gidan burodi. Ki bar ni in ɗauki zunubin, ni na yi wayar, ba ke ba. Ke dai ki yi shiru."

Auta ta daɗe tana kallon motoci ta taga. Ta tuna Inna da kukan da ta yi ɗazu, ta tuna ɗakin nan mai tayil da famfo da ke jiranta in wannan ya kuɓuce mata. Tana son mutumin nan, so mai sa a ga baƙi a ce fari, kuma ta gaji da yaƙi. Ta share fuska da gefen mayafinta.

"Na yi shiru," ta ce.

Ɗakin yara yana ƙarshen baranda. Kyauta tana zaune a gado an jingina ta da filo, fuskarta ta saɓe sai ɗan kumburi a fatar ido, robar ƙarin ruwa a bayan hannunta. Yaya tana ganin Auta ta miƙe. Auta ta durƙusa za ta gaishe ta, Yaya ta kamo kafaɗunta ta ɗaga ta.

Matar da ba ta taɓa amsa gaisuwarta da fiye da kalma biyu ba, yau ita ce ta rungume ta tana kuka.

"Ki yafe mini, ƙanwata. Jiya ba irin zagin da ban yi miki ba a cikin raina, har na rantse sai na ga an ɗaure ki. Ashe alhakinki na ɗauka. Ƙanina ba ya mini ƙarya, tun yana ƙarami, in ya ce ya duba to ya duba."

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta sunkuyar da kai, Yaya kuwa ta ɗauka kunya ce.

Ta zaunar da ita a bakin gadon, tana riƙe da hannunta. Ta ce ta yi tunani a daren jiya, rai ba a bakin komai yake ba, ta gaji da tsayawa tsakanin mutum biyu da ke son juna. Da zarar an sallame su za ta je da kanta ta ga Kawu a tsai da magana. Maganar lasisi kuma, akwai ɗaki a gidanta da ba a komai da shi, a gyara shi yadda doka ta ce.

Duk abin da Auta ta yi ta roƙon Allah a kai, ga shi an zuba mata a cinya. Ta ɗaga ido ta dubi Duba-gari a bakin ƙofa. Ya lumshe ido, ya sauke ajiyar zuciya.

"Anti Mai Kek," Kyauta ta ce da 'yar dusasshiyar murya, "ban ci furen ba. Na ce a ajiye mini furen."

Yaya ta yi dariya cikin hawaye. Ta ce tun da yarinyar nan ta farka ta ƙi abincin asibiti, ko shayi ta ƙi, kek ɗinta kawai take kira. Da farko ta hana, amma tun da aka yi mata waya hankalinta ya kwanta, ta aika gida aka ɗauko ragowar daga firji.

Ta jawo wata roba daga cikin jakarta, ta buɗe. Yanka ne babba daga gefe, da jan furen kirim a sama, da ɓawon nan mai ruwan zuma da ya kwanta a jikin gwangwani. Ta gutsuro daga gefen, ta haɗa da furen, ta miƙa. Kyauta ta buɗe tafin hannu.

Auta ta waiga wurin Duba-gari. Ya taso daga jikin ƙofa, fuskarsa ta yi fari fat, leɓɓansa suna motsi amma ba abin da ke fita. Ta jira shi, numfashi ɗaya, ya kasa tsayar da Yaya.

Ta kama wuyan hannun yarinyar, ta karɓe gutsuren, ta dunƙule shi a tafinta har kirim ya fito ta tsakanin yatsunta.

"Yaya, kada ki ba ta. An shafa wa gwangwanin man gyada."

Kukan Kyauta ya fara tashi a hankali saboda an ƙwace mata fure. Yaya ta rufe robar, ta danna murfin har ya yi ƙara. Ba ta dubi Auta ba ko sau ɗaya. Ƙaninta ta juya ta zuba wa ido.

"Kai ka ce mini ka duba," ta ce.